Abin Da Ke Sanyaya Jam'iyyu Masu Zafin Ra'ayi

Jam'iyyar da ke neman mulki ta hanyar zaɓe tilas ta lallashi waɗanda ba mabiyanta ba. Shi ya sa jam'iyyar SPD ta Jamus ta Yamma, bayan shan kaye sau uku a jere, ta jingine aƙidar Markisanci a 1959. Bayan shekara goma, shugabanta Willy Brandt ya hau mulki.

A Tunisiya kuwa, tsoro ya taka rawa. Jam'iyyar Musulunci ta Ennahda ta ci kujeru 89 cikin 217 a 2011, amma da sojojin Masar suka kifar da 'Yan'uwa Musulmi a 2013, sai ta amince ta miƙa mulki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.