Tsara Hanyoyin Cuɗanyar Masu Sauraro a Manhajojin Laluben Waƙoƙi

1.0 Gabatarwa

Manhajar laluben waƙoƙi ita ce wadda ake ɗorawa a wayar hannu ko kwamfuta domin ta sada mai sauraro da waƙoƙin da bai taɓa ji ba. Bukatarta ta taso ne saboda yawan waƙoƙin da aka tara a intanet. Alal misali, rumbun Spotify kaɗai ya ƙunshi waƙoƙi fiye da miliyan 100, wanda in aka ɗauka kowace waƙa minti 3 ce, sai mutum ya shekara fiye da 500 bai gama saurare ba. To amma tara waƙoƙi bai isa ya sa mutum ya riƙa komowa ba, tun da yake galibin abin da ke wannan rumbu yana nan a wancan. Wannan ne ya sa masu tsara manhajoji suka karkata ga buɗe hanyoyin da masu sauraro za su riƙa cuɗanya da juna.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa irin waɗannan hanyoyi ba su yin ƙarko sai an gina su a kan sauraron kansa. Za a duba wadda ta faɗi, da waɗanda suka karɓu, sannan a kawo matsalolin da ya kamata mai tsarawa ya kiyaye.

2.0 Darasi Daga Ping

A watan Satumba na 2010 kamfanin Apple ya buɗe wani dandali mai suna Ping a cikin manhajarsa ta iTunes, inda mutum zai bi abokansa da mawaƙan da yake so, ya ga abin da suka saya. Cikin kwana biyu kamfanin ya ba da sanarwar cewa mutum miliyan 1 sun shiga. Duk da haka, a ƙarshen Satumba na 2012 aka rufe shi.

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Da farko dai, Apple da Facebook ba su daidaita ba, saboda haka wanda ya shiga Ping sai ya tarar ba shi da hanya mai sauƙi ta gano abokansa, ya zama kamar baƙon da ya shiga kasuwa ranar da ba ta ci. Na biyu, an ɗora dandalin a kan ciniki, wato ya fi ba da ƙarfi ga abin da mutum ya saya, alhali kuwa abin da mutum ya saya bai cika nuna abin da yake ji kullum ba. Na uku, masu tallan bogi sun cika wurin tun a makon farko. Kamfanin ya sake gwadawa a 2015 da wani sashe mai suna Connect, inda mawaƙa ke aika saƙo ga masoyansu, shi ma aka dakatar da shi a Disamba na 2018.

3.0 Hanyoyin da Suka Karɓu

3.1 Maƙwabtaka ta ɗanɗano. A 2002 wani ɗalibin Jami'ar Southampton a Ingila, Richard Jones, ya ƙirƙiro Audioscrobbler, wadda ke rubuta sunan duk waƙar da mutum ya saurara ba tare da ya taɓa komai ba. A 2005 aka haɗe ta da Last.fm. Daga wannan rubutu ne manhajar ke kwatanta mutane, ta nuna wa kowa waɗanda ta kira maƙwabtansa, wato mutanen da bai sani ba amma kunnensu ya zo ɗaya da nasa. In ya leƙa abin da maƙwabcin ke ji, da wuya ya fito bai tsinci sabuwar waƙa ba. Darajar wannan tsari ta kai har kamfanin CBS ya sayi Last.fm a 2007 a kan dala miliyan 280.

3.2 Magana a kan gaɓar waƙa. SoundCloud, wadda ta girma a Balin ta ƙasar Jamus, ta bai wa mai sauraro damar liƙa ra'ayinsa a daidai daƙiƙar da abin ya burge shi. Duk wanda ya zo daga baya, da waƙar ta kawo wannan gaɓa sai maganar ta bayyana. Hikimar da ke nan ita ce, ba a ce wa mutum ya bar waƙa ya tafi wani zaure ya yi hira ba. Hirar tana tafe tare da kiɗan, kamar yadda 'yan kallo kan yi shewa a dandali in makaɗi ya taɓo inda ke musu daɗi.

3.3 Jerin waƙoƙi na tarayya. A Yuli na 2015 Spotify ta fito da Discover Weekly, wanda ke kawo wa kowa waƙoƙi 30 kowace Litinin. Ko da yake na'ura ce ke zaɓen, tana dogara ne ƙwarai da jerin waƙoƙin da sauran jama'a suka tsara da hannunsu. A 2021 ta ƙara da Blend, wanda ke gauraya zaɓin mutum biyu ya zama jeri guda, a 2022 kuma aka faɗaɗa shi zuwa mutum 10. A shekarar 2021 ɗin ce Spotify ta shigo Nijeriya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin shirin zaɓi-sonka na gidajen rediyo ya daɗe da nuna cewa waƙar da wani ya zaɓa maka ta fi shiga rai.

Abin da ya haɗa misalan nan uku shi ne ƙarancin wahala. Jakob Nielsen ya bayyana a 2006 cewa a yawancin dandalolin intanet, kashi 90 cikin 100 kallo kawai suke yi, kashi 9 kan tanka jefi-jefi, kashi 1 ne ke yawancin magana. Ke nan tsarin da ya dogara ga masu rubutu kaɗai ya yi asarar mafi yawan jama'arsa. Wanda ya mayar da sauraro kansa gudummawa kuwa, ya sa har mai shiru yana amfanar wasu.

4.0 Matsaloli Biyu

4.1 Sirri. A Satumba na 2011 Spotify ta haɗa kai da Facebook, aka riƙa bayyana wa abokan mutum duk abin da yake ji. Nan da nan ƙorafi ya yi yawa, har kamfanin ya ƙara maɓallin sauraro a ɓoye. Dalili kuwa a fili yake: abin da mutum ke ji shi kaɗai yakan tona halin da zuciyarsa ke ciki. Wanda ya san ana kallonsa zai daina gwada baƙuwar waƙa don gudun dariya, laluben da aka gina manhajar dominsa kuwa ya mutu. Don haka ya wajaba bayyanawa ta zama da iznin mai ita.

4.2 Rinjayen taro. A 2006 Salganik da Dodds da Watts na Jami'ar Columbia a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum fiye da 14,000 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. An nuna wa wasu rukunoni yawan waɗanda suka sauke kowace waƙa, aka ɓoye wa wani rukuni. Inda aka nuna adadin, sai tazara ta ƙaru tsakanin waƙar da ta yi fice da sauran, kuma waƙar da ta zo kan gaba a wannan rukuni takan koma baya a wancan. Wato dai jama'a na bin sawun waɗanda suka riga su ne. Illar wannan ta fi faɗa wa sabon mawaƙi da mai waƙa cikin harshen da masu jin sa ba su da yawa a manhajar, domin in ma'auni guda ne na duniya baki ɗaya, ba za a taɓa ganinsu ba. Maganin shi ne a karkasa jama'a zuwa ƙananan da'irori bisa harshe ko gari ko nau'in kiɗa, kowace da nata ma'auni.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo ƙa'idoji huɗu. A gina cuɗanya a kan sauraro. A rage wa mai sauraro wahalar ba da gudummawa. A bar masa ikon ɓoyewa da bayyanawa. A kuma fifita ƙananan da'irori a kan babban taro. Daɗin daɗawa, bai kamata a auna nasara da yawan waɗanda suka yi rajista ba, domin Ping ya samu wannan cikin kwana biyu. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne yawan sababbin mawaƙan da mutum ya sani ta hannun wani mai sauraro, ya kuma ci gaba da jin su bayan wata guda.