Kamun kifi da ƙudan ƙarya a duwatsun Pirene

A duwatsun Pirene, tsakanin Faransa da Sipaniya, akwai ɗaruruwan tabkuna masu ruwan sanyi. Daga ƙarshen watan Mayu, in ƙanƙara ta narke, masu sha'awar kamun kifi sukan hau can neman wani kifi da Faransawa ke kira turut. Wasu sukan kai har madatsar ruwa ta Kap-de-Lon, wadda aka kammala a 1953, a tudun da ya haura mita 2.000.

Ba tsutsa suke sa wa ƙugiya ba. Gashin tsuntsu suke ɗaura mata da zare har ta yi kama da ƙwaro, su wurga ta bisa ruwa a hankali. Kifi ya taso ya hadiye, sai ya kamu.

Amma galibin tabkunan nan asali ba su da kifi. Mutane ne suka kai shi, a dā bisa alfadarai, yau da jirgi mai saukar ungulu. Turut kuwa yana cinye ƴaƴan kwaɗi da ƙwarin ruwa. Daga 2014 aka fara kwashe kifi daga wasu tabkuna a ɓangaren Sipaniya, kwaɗi kuwa suka dawo.