Gyara ko ƙwaƙule ciki? Kafin ku kai tsohuwar radiyo wurin mai gyara

Tun ranar da muka yi shirin nan a kan tsofaffin radiyoyi masu kaset, saƙonni ba su daina shigo mana ba, daga Mirriya, Magariya, Matamaye da Tanut, har da ƴan'uwa mazauna Kano, Libiya da Turai. Tambayar kusan ɗaya ce: radiyon da baba ya bari ta mutu, a gyara ta ko a sayi sabuwa? Shi ya sa na ce bari in rubuta amsar a nan, wanda muryarmu ba ta kai gare shi ya karanta, wanda ke ƙauye kuma yaro ya karanta masa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata National mai kaset, mai lasifika biyu. Bara sai ta fara rowa: tasha tana kamawa, kaset ba ya juyawa. Na kai wa wani mai gyara a cikin gari na ce a gyara. Bayan kwana 3 na je karɓa, na tarar tana ƙara fiye da da, tana cin memori, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, har da ƴan fitilu masu ƙyaftawa. Na danna ƙofar kaset, ta buɗe, ciki wayam. Ashe ya ciro injin kaset da farantin asali gaba ɗaya, ya liƙa wani ɗan sabon faranti da bai kai tafin hannu ba. Na ce, "Maigida, ina kayan da ka cire?" Ya ce ai yara sun haɗa da tarkace, masu sayen tsohon ƙarfe sun wuce da su. Shi a ganinsa alheri ya yi mini, kuma ban ce mugunta ya yi ba. Ni ne ban faɗa masa abin da nake nufi da gyara ba. A cikin akwatin tsohuwarmu akwai kaset ɗin da baba ya ɗauki muryarsa ya aiko daga Libiya, zamanin da ba wayar salula, yana gaida kowa da sunansa. Wannan nake so in sake ji, kuma memori ba ta karanta shi.

Da na ba da labarin nan a shirin, wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Faransa ya turo saƙon murya, ya ce ai wannan gardamar tana can tsakanin masu gyaran tsofaffin akwatunan wasa. Na bi diddigin maganar, na ga lalle akwai abin da za mu ɗauka a wurinsu.

Akwatin wasan da ake magana ba irin PlayStation da yaranmu ke bugawa a shaguna ba ne. Akwati ne na katako, tsayinsa kamar na mutum, da tele a cikinsa, da sanda da maɓallai a gaba, da rami inda ake jefa kuɗin ƙarfe kafin wasa ya fara. Kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong a 1972, Taito na Japan ya fito da Space Invaders a 1978, Namco ya kawo Pac-Man a 1980, Capcom kuma ya kawo Street Fighter II a 1991. A zamanin kowane akwati da wasansa, an gina wasan a jikin faranti. A 1985 kamfanonin Japan suka daidaita a kan mahaɗi iri ɗaya mai haƙora 56, wanda ake kira JAMMA, don a iya canza faranti ba tare da an sake jan waya ba. Wannan sauƙin shi ne ya buɗe ƙofa: yau mutum na iya cire farantin asali, ya soka wani na zamani mai wasanni 60 ko ma ɗaruruwa, ya ciro tsohuwar tele mai ƙwai ya sa shafaffiya. Daga waje akwatin na nan, ciki kuwa wani abu ne daban. Daidai abin da aka yi wa radiyon babanmu.

Masu mayar da akwati asalinsa sun ƙi wannan hanya, kuma suna da hujja. An tsara wasannin nan don tele mai ƙwai, a kan shafaffiya launi da kaifin hoton sukan canza, wani lokaci ka danna maɓalli motsi ya ɗan makara, wasannin harbi da bindigar haske kuwa ba sa aiki sam. Ga shi an daina ƙera ƙwan, Sony ma ta rufe aikin Trinitron ɗinta a 2008, don haka duk wanda aka fasa ya tafi ke nan. Ni abin da ya fi burge ni shi ne tsarin aikinsu, domin mai gyaran radiyo a Kasuwar Dole zai iya bin sa gobe da safe.

Ba sa jona wa tsohon abu wuta don su ga ko zai tashi. Sai sun buɗe, sun ɗauki hoton kowace waya da inda take, sun share, sannan su auna wutar da ke shiga faranti da mita. Farantin wasa 5 volt yake so, in ta hau ta ƙone shi, in ta sauka ya rikice. Da yawa daga cikin akwatunan da ake cewa sun mutu, farantinsu lafiya lau yake, laifin na ɓangaren wuta ne, ko fis, ko mahaɗin da ya yi tsatsa. Haka radiyo. Sau da yawa pil ne aka bari a ciki shekara da shekaru ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen da yake taɓawa, ko ƙurar hunturu ta cika maɓallin ƙara murya har yana ƙarƙar in an murɗa. Wannan ba mutuwa ba ce, shara ce.

Sai abu na biyu, wanda ya kamata a ɗan tsaya a kansa. In kun taɓa leƙa cikin radiyo kun ga wasu ƴan gwangwanaye a tsaye a kan faranti, waɗanda masu gyara ke kira kondansater. Aikinsu su riƙe wuta su tace ta. A cikinsu akwai ɗan ruwa, kuma ruwan nan bushewa yake da shekaru. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. To ku tuna zafin Afirilu da Mayu a Damagaram, inda ake wuce digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano, shekara 30 ko 40. In ya bushe, radiyo ta riƙa gunji, murya ta ragu, tele kuma hotonta ya tsuke ko ya riƙa rawa. Masu gyaran akwatin wasa sukan canza su duka a ɓangaren tele lokaci guda. Ba wanda ke kiran wannan ƙwaƙule ciki, domin kamar canza igiyar guga ne, rijiyar na nan. Sharaɗi dai a karanta lambobin da ke jikinsa. Lambar girma ta zama ɗaya da ta tsohon, lambar volt ta zama daidai ko ta fi, kada ta gaza. Yana da ƙafar da ta dace da kowane rami, akwai zane a gefe da ke nunawa, in an juya shi fashewa yake. Wasu an rubuta 85 a jikinsu, wasu 105, wato zafin da suke jurewa. A ƙasarmu ku ce a sa muku mai 105.

Masu akwatin wasa suna da wata masifa tasu. Wasu farantan Capcom na daga 1993 suna da ɗan batir da ke riƙe makullin sirrin wasan, ranar da batir ɗin ya ƙare wasan ya mutu ko da komai nasa lafiya. Shekaru aka yi ana jefar da su ko ana yi musu dabaru, kafin wasu masu bincike su gano yadda za a mayar da makullin. Waɗanda suka ajiye matattun farantansu a lokacin su ne suka ci riba. Shi ya sa ƙa'idarsu ta ce duk abin da aka cire a sa shi a leda a bar shi cikin akwatin.

Mu dawo kan kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Zarensa yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke jan sa wata siririyar roba ce, bel, da ta haɗa mota da tayar ciki. Ita ce ke fara mutuwa. Ko ta saki, ko ta narke ta koma kamar kwalta. Ina kyautata zaton ciwon radiyon babanmu ke nan, abin da bai kai a yi ciniki a kansa ba. In za a canza, a nemo daidai girmanta. Robar ɗaure kuɗi takan yi kwana biyu, amma muryar malam za ta riƙa rawa, ta Shata ko ta Ma'azu Ɗan Alalo ta koma ta wani daban. Akwai kuma ƴar tayar roba da ke matse zaren, in ta taurare ko ta yi danƙo ita ce ke cin kaset. A goge ta, da kan ƙarfen da ke karanta zaren, da auduga da ɗan alkol. Don Allah kada kaset ɗin da kuka fi ƙauna ya zama na gwaji, a fara da wanda ba a damu da shi ba. Ku duba saman kaset ɗin kuma, akwai ƴan harsuna biyu na roba, ku karye su, daga nan ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge muryar ba. Ranar da ya yi magana, ku ajiye waya kusa da lasifika ku ɗauka, ku tura wa ƴan'uwa.

Wani abu da almajiran masu gyara ke yawan yi: a kan farantin radiyo akwai ƴan akwatunan ƙarfe masu kai kamar na sukuru, ja, rawaya, baƙi. Ba sukuru ba ne da ya kwance. An daidaita su tun daga masana'anta don kama tasha, wanda ya ɗaure su da sunan gyara ya kashe mata kunne, gajeren zango da tsofaffinmu ke jin BBC a kansa tun 1957 ya tafi.

Yanzu gargaɗi, kuma da gaske nake. Radiyo mai pil ba ta kisa, amma tele mai ƙwai, ta akwatin wasa ko ta ɗakinku, tana aiki da wutar da takan haura volt 20,000 a cikin ƙwan, kuma tana riƙe saura ko bayan an cire ta daga kuran. Wayar nan mai kauri da ke manne a bayan ƙwan da faifan roba, ba a taɓa ta sai wanda ya iya sauke wutar. Ƙwan kansa babu iska a cikinsa, in ya fashe gilashi watsuwa yake, gilashin kuma akwai dalma a ciki. Yaran da ke farfasa tsofaffin tele a juji don ciro jan ƙarfe, iyaye ku tsawata musu.

Ƴan'uwa na waje, ku ma ga naku. Wutar Nijar volt 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. In kun turo tsohuwar na'ura daga can, ku duba bayanta, wasu suna da ɗan maɓallin canza wuta, in babu sai da taransifoma. In kayan gyara za ku turo, ku ce a ɗauko muku hoton lambar da ke bayan radiyon, da ita ake neman bel da takardar zanen cikinta a intanet. Kada sunan National ya ruɗe ku in ba ku same shi ba, kamfanin ne ya koma Panasonic gaba ɗaya a 2008. Mai gyara na gari kuma yakan samu abin da yake nema a cikin matacciyar radiyo irinta, ko ya yi sautu Sabon Garin Kano.

Ban ce kowace tsohuwar radiyo sai an mayar da ita asalinta ba. In manomi labarai da sanarwa yake so ya ji a gona, farantin ya tsage ko ruwan sama ya cinye shi, to ƙaramar sabuwa ta fi masa sauƙi, kuma ba abin kunya ba ne. Gyaran asali yana cin lokaci, mai gyara zai iya kwana biyu yana bin waya ɗaya, ya kamata a biya shi wahalarsa, ba a ba shi kuɗin liƙa sabon faranti a ce ya yi aikin tiyata ba. Abin da nake roƙo shi ne ku faɗi abin da kuke so tun a bakin shago: "Malam, kaset ɗin nake so ya juya. Kada ka cire komai sai ka kira ni, abin da ka canza kuma ka ba ni tsohon."

Radiyon babanmu tana nan a ɗakin tsohuwarmu tana cin memori. Mai gyaran da kansa, da ya gane abin da ya faru, ya yi alkawarin in matacciya irinta ta faɗo hannunsa zai ajiye mini cikinta. Kaset ɗin kuwa mun saurare shi ran Juma'ar da ta wuce a radiyon wani maƙwabci, bayan an canza mata bel. Baba ya gaida kowa, ya tambayi yadda damina ta yi, ya ce a kula da akuyar nan mai ciki.