Injin Rotari: Inji Mai Ƙin a Lallaɓa Shi

Akwai wata raha da ake yi a Jamus game da masu mota ƙirar NSU Ro 80. Wai idan biyu daga cikinsu suka yi kiciɓis a kan titi, maimakon su ɗaga wa juna hannu, yatsu suke ɗagawa. Mai yatsa biyu yana cewa inji biyu ya canja, ɗan'uwansa ya mayar masa da uku. Motar kuwa ba ta banza ba ce. Ta fito a 1967, ta ci kyautar gwarzuwar motar Turai ta 1968, kuma har yau in ka ga hotonta za ka rantse ba ta kai wannan shekaru ba. Injinta na rotari ne ya ci amanarta. Da yawa daga cikin na farko ba su kai kilomita 50,000 ba suka mutu, kamfanin yana ta canja wa mutane sabo kyauta har aljihunsa ya huje. A 1969 Volkswagen ya saye NSU ya haɗe shi da Auto Union, haɗin da ya zama Audi na yau. Tun daga lokacin baƙin jini ya bi injin rotari, aka yi masa tambarin inji mai gajeren kwana.

Tambarin yana da gaskiya a ciki, amma ba dukanta ba. Kafin a yanke wa injin hukunci ya kamata a leƙa cikinsa.

Injin da muka saba da shi fistan ne ke hawa da sauka a cikin silinda: ya zuƙi iska da fetur, ya matse, fulogi ya ba da wuta, ya tura hayaƙi waje. Bajamushen nan Felix Wankel, wanda abin mamaki bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba saboda raunin gani, ya ga wannan hawa da sauka ɓata ƙarfi ne. Me zai hana abin ya riƙa juyawa kawai? Injinsa na gwaji ya fara tashi a 1957 a kamfanin NSU. Ka ƙaddara wani gida na ƙarfe mai siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, amma mai kaurin ƙugu. A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe mai kusurwa uku, kowane gefe da ɗan tumbi, shi ake kira rota. Rotan yana juyawa yana tangaɗi, kusurwoyinsa uku kullum suna shafar bangon gidan, sai ya raba cikin zuwa ɗakuna uku masu buɗewa da tsukewa. Wannan ɗaki yana zuƙa, wancan yana ƙonawa, na uku yana fitar da hayaƙi, duk a lokaci ɗaya. Duk zagaye ɗaya da rota zai yi, sandar tsakiya ta yi uku.

Babu bawul, babu kamshaf, babu bel ɗin taimin da zai tsinke. A inji mai rota biyu, manyan ƙarafan da ke motsi uku ne kacal: rota biyu da sanda ɗaya. Shi ya sa ɗan ƙaramin inji mai cc 1,308 yake ba da ƙarfin da sai babban inji, kuma yana juyawa sumul ba jijjiga, har sai da Mazda ta sa wata ƙararrawa a motocinta don ta gargaɗi direba cewa allura ta kusa jan layi, tunda kunnensa ba zai gaya masa ba.

To, ina matsalar? A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe, kaurinsa milimita biyu ko uku, da sifirin a ƙarƙashinsa yana tura shi jikin bango. Shi ne sil ɗin kusurwa, kuma aikin ringi yake yi. Bambancin shi ne ringin fistan yana da 'yan'uwa biyu ko uku da ke taya shi, kuma baƙin mai yana fantsamo masa daga ƙasa. Sil ɗin kusurwa shi kaɗai ne a bakin aikinsa, yana goga bango da gefen bakinsa, yana ratsa wuri mai sanyi da wuri mai wuta a kowane zagaye. Ranar da ya cinye ko ya maƙale ko ya karye, matsi ya zube, inji ya tashi daga aiki.

Wannan ɗan ƙarfe shi ya kayar da NSU, kuma saura ƙiris ya kayar da Mazda. Kamfanin na Hiroshima, wanda a lokacin ake kira Toyo Kogyo, ya sayi lasisin ƙera injin a 1961. Da suka gwada, sai suka tarar sil ɗin yana karkarwa yana karce bangon gidan, zane-zanen da injiniyoyin suka laƙaba wa suna yagar farcen shaiɗan. Kenichi Yamamoto da injiniyoyi 47 suka duƙufa shekaru suna gwada kayan haɗi iri-iri, har suka dace da sil na gawayi da aka cuɗa da alminiyom. A 1967 suka fitar da Cosmo Sport. Sauran manyan kamfanoni da suka sayi lasisi, irin su General Motors da Mercedes-Benz, sun gwada sun ajiye, musamman bayan tsadar mai ta 1973 ta tona asirin injin wajen shan fetur. Mazda ce kaɗai ta ƙi saki. A 1978 ta fito da RX-7, motar da aka ƙera sama da 800,000 kafin a daina a 2002.

Abu na farko da ke rikita sabon mai irin wannan mota shi ne baƙin mai. A injin fistan, idan mota ta fara shan baƙin mai, bakanike zai ce ringi ya tafi. A rotari kuwa da gangan ne. Akwai wani ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin ƙuna don sil ya samu santsi, man ya ƙone ya fita tare da hayaƙi. Duk wanda ya taɓa haɗa fetur da baƙin mai ya zuba wa ƙaramin janareta ya san wannan hikima. Saboda haka ake son a zaro sandar awon mai a duba duk bayan shan fetur biyu. Wanda ya saba da Corolla, daga juye sai juye ba ya buɗe bonet, zai wayi gari ya busar da injin bai sani ba. Masu tsoffin motocin da ba su yarda da famfon ba sukan ƙara ɗan man babur mai hayaƙi a cikin tankin fetur, kuma ban ga laifinsu ba.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi saɓa wa tarbiyyarmu. An koya mana cewa mai tattalin mota shi ne wanda ba ya takura mata, yana tafiya sannu, yana saka babbar giya da wuri. Wannan tattalin shi ke kashe rotari. Inji ne mai ƙona baƙin mai, ɗakin ƙunarsa kuma dogo ne siriri, wuta ba ta cinye fetur ɗin tas, shi ya sa kowane rota yake da fulogi biyu. In ana tafiyar hawainiya kullum, daga gida zuwa shago, injin bai ko gama ɗumi ba an kashe, sai kunkunniya ta taru a ramin da sil yake zaune. Sifirin ya kasa tura shi, ya daina taɓa bango. Maganin shi ne a bar inji ya yi ɗumi sosai, sannan a samu buɗaɗɗen titi a ba shi wuta har allura ta kusa jan layi, zafi da ƙarfin hayaƙi su kakkaɓe dattin. Dattijon da ya saya ya ajiye yana lallaɓawa sai ya riga matashi mai taka totur zuwa gareji.

Daga nan ne kuma wata halayyar injin ta samo asali. A ce da sanyin safiya ka tayar da Mazda RX-8 don kawai ka matsar da ita daga bakin ƙofa, ka kashe bayan daƙiƙa talatin. Injin da bai yi ɗumi ba fetur mai yawa ake ba shi, kuma wanda bai ƙone ba yana nan kwance a ɗakunan. Ya jiƙa fulogi, ya wanke man da ke jikin bango, matsi ya ragu. Da yamma ka murɗa makulli, sai ka ji tana ta juyawa fayau, ba ta kamawa. Dabarar ita ce a danne totur har ƙasa yayin da ake murɗawa, domin hakan yana sa kwamfutar motar ta yanke fetur har ɗakunan su bushe. In abin ya ƙi, sai an kwance fulogai.

Na uku shi ne zafi, kuma shi ne ba ya yafiya. Injin rotari jere yake kamar faifai a kan faifai: farantin baƙin ƙarfe, gidan alminiyom, faranti, gida, faranti, an ɗaure su da dogayen kusoshi. Tsakaninsu zoben roba ne ke hana ruwan lagireto shiga ɗakin ƙuna. Wuta kullum a gefe ɗaya take tashi, ɗaya gefen yana shan iska mai sanyi, kuma alminiyom da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai in sun ji zafi. Injin fistan in ya tafasa, sau da yawa gaskit za a canja a ci gaba da tafiya. Rotari in ya tafasa sau ɗaya, roba ta ƙone ko gida ya lanƙwashe, kuma ba yadda za a kai ga zoben sai an sauke inji an wargaza shi gaba ɗaya. Alamar ita ce farin hayaƙi da safe da ruwan da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

Saboda haka tambayar kilomita nawa yake yi ba ta da amsa ɗaya, sai an ce wanne. RX-7 ta farko, mai injin 12A da kabireto, ba turbo, ƙarfinta bai fi doki ɗari da 'yan kai ba, ita ce jakar gidan. Ba a matsa wa injin ba, kuma a wurin masu riƙe da su ba abin mamaki ba ne a ji wadda ta haura kilomita 250,000 ba a taɓa buɗe ta ba. Ta biyu, wadda ta fito a 1985, in marar turbo ce ita ma haka take da juriya. Ta uku, wadda aka fara sayarwa a ƙarshen 1991, ita ce kyakkyawar da kowa ke so kuma ita ce mai cin kuɗi. Turbo biyu ne ke dura mata iska, ɗaya bayan ɗaya, aka matso doki 255 daga wannan ɗan inji, daga baya 280. An cusa komai a ƙuntataccen wuri, da tarin siraran tiyo da zafi ke gasawa har su farfashe, da wani ɗan tankin ruwa na roba da ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa. Masu ita sukan sa ran sauke inji tsakanin kilomita 100,000 da 150,000. In kuma aka ƙara mata ƙarfi ba a ƙara fetur daidai ba, ko aka sha gurɓataccen mai, wuta ta tashi kafin lokacinta, sil ya karye nan take. Gutsuren ya karce gida, ya fita ta hanyar hayaƙi ya faffasa fukafukan turbo.

Masu kare injin kullum sukan kawo tseren Le Mans, kuma suna da hujja. A 1991 Mazda 787B mai rota huɗu ta yi sa'a 24 tana gudu a Faransa, ta ci sama da kilomita 4,900, ta zo ta ɗaya, karo na farko da motar Japan ta ci wannan tsere. Sai dai a lura da irin rayuwar da injin ya yi a ranar: ɗumi ɗaya, juyi mai yawa, mai isasshe, ba tsayuwa a cunkoso. Abin da yake so ke nan, kuma ba shi mai zuwa ofis yake ba shi ba.

RX-8 ta 2003 ta nuna haka ƙarara. An mayar da ƙofar hayaƙi zuwa farantin gefe don rage gurɓata iska, aka kuma tsuke man da ake ɗiga wa sil. Aka sayar da ita ga jama'a a matsayin mota mai ƙofa huɗu ta yau da kullum, mutanen da ba wanda ya gaya musu su duba baƙin mai. Kwayil ɗinta yana saurin rauni, in ya yi rauni fetur ya tafi salansa ɗanye ya toshe matatar hayaƙi, zafi ya dawo wa inji. Injuna suka yi ta mutuwa da wuri, har Mazda ta tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara takwas ko mil 100,000, kimanin kilomita 160,000. A ƙirar 2009 ta ƙara bututun mai na uku a kowane rota. A 2010 dokar hayaƙi ta kore ta daga Turai, a 2012 aka daina ƙera ta. Rotari bai dawo ba sai 2023, a cikin MX-30, kuma ba taya yake juyawa ba, janareta ne mai caja batir.

Wanda ya ga irin wannan mota a kasuwar tsoffin motoci ta burge shi, kada lambar kilomita ta ruɗe shi. Mai 60,000 da aka lallaɓa tana iya fin mai 140,000 lalacewa. Ya fara tambayar kansa ko akwai bakanike a kusa da ya taɓa wargaza rotari ya mayar, domin ƙwarewa a injin fistan ba ta isa a nan. Sannan ya nemi a auna matsi, kuma ba da ma'aunin da aka saba ba, wanda lamba ɗaya yake nunawa. Kowane rota fuska uku gare shi, don haka lamba shida ake nema, a daidaita su kan juyi 250 a minti. In fuska biyu na rota ɗaya suka faɗi tare, sil ɗin da ke tsakaninsu ne ya tafi.

In babu na'urar, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Dillali zai so ya tayar maka da ita da sanyi, ta kama tashi ɗaya, domin rotari mai rauni da sanyi yake ɓoye aibinsa. Ka karɓi makulli ka yi tafiyar rabin sa'a har ta yi zafi sosai. Ka tsaya, ka kashe, ka jira minti biyar kamar wanda ya tsaya shan mai, sannan ka murɗa. Lafiyayya za ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ta yi ta juyawa tana jan rai kafin ta tashi, to ka sa kuɗin sauke inji a cikin cinikin.