Kukan Fankar Kwamfuta: Abin Da Ƙura Da Zafi Ke Jawo Wa Masu Na'ura A Minna

Garin Minna, wanda ya zama hedkwatar Jihar Neja tun lokacin da aka ƙirƙiro jihar a shekarar 1976, yana cikin garuruwan ƙasar nan da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta zama abin neman abinci ga jama'a da dama. A nan ne Jami'ar Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1983, da harabarta ta Bosso da ta Gidan Kwano, a nan ne kuma hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO. Ban da ofisoshin gwamnati, ga shagunan buga takardu birjik tun daga Bosso har Tunga, inda ɗalibai ke kai littattafansu na kammala karatu. Tun shekarar 2015 kuma, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta hanyar kwamfuta, makomar yaro mai neman shiga jami'a ta rataya a kan ko na'urar da aka zaunar da shi a gabanta za ta kai ƙarshen jarrabawa lafiya.

To, akwai wata damuwa da masu waɗannan na'urori ke fama da ita a kowace shekara, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara. Na'urar da a da ba a jin motsinta sai ta fara gurnani, ko ta riƙa jijjiga tebur, ko kuwa ta ɗauki ƙugi kamar jirgi zai tashi. Yawancin mutane sukan ɗauki wannan a matsayin fitinar kunne kawai, su kai wa akwatin mari, idan ya yi shiru su ci gaba da aikinsu. Alhali kuwa ƙarar nan sanarwa ce, kuma kowace iri da abin da take nufi.

Kafin a gane ƙarar, sai an san aikin da fanka ke yi. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar na'urar ofis, wadda faɗinta bai kai tafin hannun yaro ba, tana iya fitar da zafin da ya kai na tsohon ƙwan lantarki mai wat 60. Shi ya sa aka ɗora mata wani ƙarfe mai tsaga-tsaga, wanda ke aiki irin na lagireton mota, aka kuma sa fanka tana busa shi. Akwai wata fankar a cikin akwatin da ke raba wuta, sa'an nan ɗaya ko biyu a jikin babban akwatin, masu shigo da iska ta gaba su fitar da ita ta baya. Fankar da ke juyi sau 1,200 a minti ɗaya, idan ta yi aikin awa goma a shago, ta yi juyi 720,000 ke nan a yini guda. Abin da ke irin wannan wahala, tilas wata rana ya koka.

A Minna abokan gaban fanka biyu ne, kuma bi da bi suke zuwa. Na fari ita ce ƙurar hunturu, wadda iska ke ɗaukowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wurin da masana suka ce ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Wannan ƙura ta fi garin alkama laushi, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka na zuƙarta dare da rana, haɗe da jar ƙurar titi. Hazo na yayewa sai zafin bazara ya sauko, wanda a watan Maris yakan doshi digiri 40. Watau na'ura na shiga lokacin da ta fi bukatar iska a daidai sa'ad da hanyoyin iskarta suka toshe. Abin lura kuma, a tsakanin Maris da Mayu ne galibi ake zama jarrabawar JAMB, a ɗakunan da aka jera na'urori 250 ko fiye, kowace tana fitar da nata zafin.

Ƙara mafi yawa ita ce ƙugin iska tsantsa, ba tare da karkarwa ba. Wannan ba laifin fanka ba ne. Na'urar ce ta ji zafi ta umarce ta da ta ƙara gudu, domin ƙura ta yi kirtani a tsakanin tsagogin ƙarfen nan har iska ba ta ratsawa. Wanda ya canja fanka a kan wannan ya yi asarar kuɗinsa, gama sabuwar ma haka za ta yi ta ƙugi.

Ta biyu ita ce jijjiga, wadda mutum zai ji a hannunsa idan ya dafa akwatin. Ƙura ba ta kwanciya daidai wa daida a kan fukafukan fanka. Da zarar wani fiffike ya fi wani nauyi, sai fankar ta riƙa rawa kamar tayar motar da ba a yi wa balansi ba. Haka nan idan fiffike ɗaya ya guntule. Sau da yawa kuma rawar ƙarama ce, amma notin da ya kwance, ko murfin akwati da bai zauna sosai ba, ko tebur na falle, su ne ke amsa mata kamar ganga. Gane wannan ba wuya: a danna murfin da tafin hannu, idan ƙarar ta ragu, to, maganin na hannun sukundireba. 'Yar roba da aka sa tsakanin fanka da jikin akwati, ko a ƙarƙashin ƙafafunsa, tana shanye sauran.

Idan kuwa ƙarar ƙyas-ƙyas ce mai zuwa a jere, kamar yadda yara ke maƙala kwali a sifokin keke, waya ce ta sauko tana taɓa fiffike. Sai a ɗaure ta gefe.

Wadda ta fi muni ita ce gurnani ko kuka mai kama da niƙa, wanda yakan yi tsanani da sassafe lokacin da aka kunna na'ura, ya lafa bayan 'yan mintoci. Wannan ciwon a gindin fankar yake, inda ƙarfen tsakiya ke juyawa. Fankoki masu araha a kan bushin suke juyi, da ɗan mai kaɗan da aka zuba tun daga masana'anta. Zafi na busar da man, ƙura na shiga ta zama kamar yashi, sai ramin ya buɗe ƙarfen ya fara lilo. Masu boris sun fi jure zafi, ko da yake su ma idan sun tsufa sukan yi tsuwa. Da yake yawancin na'urorin da ke shagunan garin na hannu ne, waɗanda suka gama shekarunsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a Legas su iso nan, fankokinsu sun riga sun ci rabin ransu tun ba su shaƙi ƙurar Minna ba. Mari kan sa irin wannan fanka ta yi shiru na ɗan lokaci, saboda ƙarfen ya koma mazauninsa, amma ramin da ya buɗe ba ya komawa. Ranar da ta yi shiru gaba ɗaya ba tare da an taɓa ta ba, ba warkewa ta yi ba, tsayawa ta yi.

Nan ne hatsarin yake. Ƙwaƙwalwar na'ura idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudun aikinta don ta tsira, idan abin ya faskara ta kashe kanta ba sallama. Mai shago ya rasa shafukan da ya yini yana bugawa, ɗalibi kuma a bar shi yana kallon baƙin allo agogo na tafiya. Saboda haka babu gurguwar dabara kamar ta wanda ƙara ta dame shi ya cire wayar fankar, ko ya cusa mata tsinke don ya samu sakat.

Yadda ƙwararrun masu gyara ke gano fankar da ke da laifi ba wani asiri ba ne. Sukan buɗe murfin gefe na'ura na aiki, su ɗora yatsa a hankali a kan cibiyar kowace fanka na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba a kan fukafukai ba. Wadda ƙara ta ɗauke da tsayawarta, ita ce. Idan duk an bi su ƙarar na nan, sai a saurari akwatin raba wuta da faifan ajiya. Faifan ajiya irin na da, mai juyawa, idan ya fara ƙwanƙwasa a kai a kai, ba zancen fanka ake ba, sai a gaggauta kwashe abin da ke cikinsa. Shi kuwa akwatin raba wuta ba abin da ɗan koyo zai buɗe ba ne, domin yana riƙe wuta mai iya yi wa mutum lahani ko bayan an zare shi daga bango.

Wajen share ƙura ma akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. Za a ga an fito da akwati bakin shago an saka masa bulowa, fanka na juyi tana kuka, ana jin daɗi wai tana wankuwa. Wannan gudun ya wuce wanda aka ƙera ta dominsa, yana cinye gindinta, kuma fankar da aka juya da ƙarfi takan haifar da 'yar wuta ta tura cikin allon na'ura. Abin da ya dace shi ne a kashe, a zare waya, a riƙe fankar da yatsa sa'an nan a busa, a bi kowane fiffike da tsohon burushin goge baki. Fanka mai bushin da ta fara gurnani, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar da ke manne a cibiyarta yana iya ƙara mata watanni. Man gyaɗa da manja kuwa, da wasu ke gwadawa, daskarewa suke yi su zama danƙo. Mai dai jinkiri ne. Wadda ta fara lilo sai canji. Mai saye ya tafi da tsohuwar a hannu, don girmansu ya bambanta, akwai mai milimita 80, da 92, da 120, haka kuma bakin wayar, wani ƙafa uku wani huɗu. Inda akwati zai ɗauki babba, ita ta fi, gama tana tura iska mai yawa da gudu kaɗan, kuma rage gudu shi ne babban abin da ke rage ƙara.

Wasu sukan ɗora laifin a kan wutar lantarki, kuma ba za a ga baƙinsu ba, tun da jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru ta san ɗaukewar wuta kamar kowa. Amma fanka ba ta shan wutar bango kai tsaye. Bolt 12 take samu daga akwatin raba wuta, ko daga layi wutar ta zo ko daga janareta. Ɓarnar da rashin wuta ke yi ta wata hanya ce: na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, a buɗe tagogi da ƙofa, zafi da ƙura su shigo tare.

Don haka ne wurin da aka ajiye akwatin yake da muhimmanci. Wanda ke ƙasa, kusa da ƙafafun masu shiga da fita, ya fi wanda ke kan tebur shan ƙura nesa ba kusa ba, wanda aka matse bayansa da bango kuma iskar da ya fitar ita yake sake zuƙa. Tazarar taƙi guda ta wadatar. Lulluɓe na'ura da ƙyalle da dare yana da kyau, muddin za a yaye kafin a kunna. Lokacin shara kuwa da ya fi dacewa da yanayin Minna shi ne sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sa'an nan babbar shara a ƙarshen Fabrairu, bayan hazo ya yaye kuma kafin zafin Maris ya kankama.