Allunan Niƙa Kwalli Masu Siffar Dabbobi a Tsohuwar Masar

Shirin na yau ya waiwayi mutanen da suka zauna a gaɓar Kogin Nilu tun kafin zamanin Fir'aunoni, a lokacin da masana ke kira zamanin Nakada, wato daga wajen shekara ta 4000 zuwa ta 3000 kafin haihuwar Annabi Isa. Sunan ya samo asali daga garin Nakada da ke arewacin Luksor, inda Baturen Ingila Flinders Petrie ya tono kaburbura masu ɗimbin yawa a 1894 da 1895, ya kuma tarar da wasu faffaɗan allunan dutse kusa da gawawwaki.

A kan waɗannan alluna ake niƙa kayan ado na ido da wani ɗan dutse mai santsi: malakayit, wato koren dutse mai ɗauke da jan ƙarfe, da kuma galena, baƙin dutsen dalma irin wanda ake yin kwalli da shi a ƙasar Hausa. Dutsen allon kansa ana sassaƙo shi ne daga Wadi Hammamat, wani kwari a hamadar gabas tsakanin Nilu da Bahar Maliya, kuma tafiyar da ake yi domin samo shi ta isa shaida cewa kwalliya a wurinsu babban al'amari ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne siffarsu, domin masassaƙan sun mayar da allon kifi ko kififiya ko dorina ko tsuntsu, suka taƙaita dabbar a kewayenta kawai, suka bar tsakiya fili saboda aiki, wani lokaci kuma su dasa ɗan zobe na ɓawon ƙwan jimina a gurbin ido. Kifin karfasa ya fi yawa, kuma tun da wannan kifi yana renon 'ya'yansa a baki, Misirawan baya sun danganta shi da sake haihuwa. Da yawa daga allunan suna da huda ta ratayewa, wasu kuma sun lotsa saboda yawan niƙa, har da ragowar koren launi a jikinsu, abin da ke sa su fi kusa da rayuwar talaka fiye da kowane kayan fada.

Daga baya sarauta ta karɓe su, kamar yadda allon Sarki Narmer ya nuna, wanda aka gano a Hirakonfolis a 1898, mai tsawon kusan santimita 64, wanda wuyan wasu dabbobi biyu ya kewaye gurbin niƙansa, kuma yana gidan tarihi na Alƙahira.