Inshorar lafiya a Bugaje: wa ke shiga, kuma ta wace ƙofa?

Da yawa suna zaton wanda ya riƙe katin inshorar lafiya zai iya tashi daga Bugaje, ya hau mota zuwa Katsina, ya zarce Asibitin Koyarwa na Tarayya ya ce a kai shi gaban babban likita. Ba haka tsarin yake ba. Ranar rajista za a ce ka zaɓi asibiti guda, kuma shi ne ƙofarka. Zazzaɓi, awon ciki, hawan jini, duk can za ka fara zuwa. Sai idan abin ya fi ƙarfinsu su rubuta maka takardar turawa zuwa asibiti na gaba, a nemo lambar amincewa daga masu biyan kuɗin. Ka tsallake wannan ƙofa, ka biya daga aljihunka, sai fa in larurar ta gaggawa ce.

A Ingila ma haka ake yi, sai likitan unguwa ya tura ka kafin ka ga ƙwararre. A Jamus kuwa bin wannan tsari zaɓi ne, kuma waɗanda suka fi shigarsa su ne tsofaffi da masu ciwon da ba ya warkewa da wuri, irin ciwon suga, domin suna son likita ɗaya da ya san tarihinsu. Mu a nan ba a ba mu wannan zaɓi ba. Duk mai inshora ta ƙofar zai bi. Saboda haka tambayarmu ita ce: wa ke samun inshorar tun farko?

Na farko, masu albashi. Tun 2005 da aka ƙaddamar da shirin tarayya, ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka cika shi, irin jami'an kwastam da na shige da fice da ke aiki a iyakar Magama. Shirin yana ɗaukar ma'aikaci da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ku dubi gidan mai mata biyu da 'ya'ya tara. Maigida zai zauna da biro a hannu yana tunanin sunan wa zai rubuta, wa zai bari. Ana iya ƙara sauran, amma da ƙarin kuɗi. Wannan ƙa'ida ba ta dace da gidajenmu ba, kuma ya kamata a sake duba ta. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuma suna ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Katsina, KTSCHMA.

Na biyu, masu rauni. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma da wani ɓangarensa ake yi wa masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu rajista kyauta. Guraben ba su kai yawan mabuƙata ba.

Tsakanin waɗannan biyu aka bar mafi yawan jama'a: manomin gero, dillalin dabbobi, direban da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, matar da ke sayar da fura. Dokar 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, akwai kuma tsarin da mutum zai biya wa kansa ko ƙungiya ta biya wa 'ya'yanta. To amma wanda sai kaka kuɗinsa ke zuwa, da wuya ya fitar da kuɗin shekara yana zaune lafiya. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, kemis ya nufa, a ƙirgo masa ƙwayoyi a ƙulla a leda.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a ƙauye mai tsaron ƙofar nan sau da yawa ba likita ba ne, malamin asibiti ne ko ungozoma. Idan akwai su a bakin aiki, akwai magani a kanta, tsarin yana rage wahala da kuɗin mota. Idan babu, katin ya zama takarda kawai.

Don haka kafin ku sa hannu, ku je ku ga asibitin da idonku. Ku tambaya ko ana kwana a bakin aiki, ko ana karɓar haihuwa da dare, da kuma inda suke tura mara lafiya. Kada sunan babban asibitin birni ya ruɗe ku. Ku zaɓi wanda za ku iya kai yaro da tsakar dare. Ku tafi da lambar NIN ranar rajista, kuma ku tabbatar an rubuta sunan kowane yaro daidai.